Kafin A Ɗaga Na'ura A Nemi Jinjirin Wata

Jama'a masu sauraro, na Kebbe da Kuchi, na Tambuwal da Dogondaji da Sanyinna, da duk inda muryar nan ta kai.  Shirinmu na yau kan na'urar hangen nesa ne, irin mai aiki da madubi, wadda ake duban wata da taurari da ita. Kowa ya san yadda ake yi ranar 29 ga watan Musulunci. Fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta yi kira a fita duban wata, wanda ya gani ya kai labari ga mai gari ko hakimi, daga nan a isar da shi Sakkwato. A 'yan shekarun nan masu duba da na'ura sun shigo sahun masu duba da ido, saboda haka ba za a yi mamaki ba in wata rana wani mai hali, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, suka sayo irinta suka ba makarantar sakandare ko kwamitin masallacin Juma'a a yankinmu. Akwai maganar da ya kamata a ji kafin ranar ta zo. Amfanin wannan na'ura ba a tsadarta yake ba, ba kuma a faɗin madubinta kaɗai ba. Yana ga zaman madubanta a kan layi ɗaya da tazarar da aka ƙayyade musu. Wannan zama gocewa yake yi a kai a kai, kuma hannun mutum ke mayar da shi. Wanda ya kawo na'ura bai kawo mai daidaita ta ba, rabin aiki ya yi.

Bari mu leƙa cikinta tukuna. Irin da aka fi samu da araha ita ce wadda Isaac Newton ya ƙirƙira a Ingila a 1668. Bututu ne buɗaɗɗe ta sama. A gindinsa akwai babban madubi mai kwarmi, wanda ke tattara hasken da ya shigo ya mayar da shi sama zuwa wuri guda. Kafin hasken ya kai wurin, sai ya haɗu da wani ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe da aka rataye kusa da bakin bututun, a karkace da digiri 45, shi kuma ya karkatar da shi zuwa gefe, inda gilashin da ake sa ido yake. Madubi mai faɗin milimita 200 yana tara haske sama da ninki 800 na abin da ƙwayar idon mutum ke tarawa cikin duhu. To amma duk hasken nan sai ya bi hanya ɗaya tak, daga tsakiyar babban madubi, ta kan ƙaramin, zuwa tsakiyar gilashin ido. Galibin masu ƙera na'urar sun san ba zai dawwama a kan hanyar ba, shi ya sa ba su like madubin da bututu suka huta ba. Sun ɗora babban a kan notuna uku na juyawa, galibi da wasu uku na kullewa, ƙaramin kuma suka ba shi noti guda a tsakiya mai matsar da shi sama ko ƙasa, da ƙanana uku masu karkata shi. Notunan nan da kansu shaida ne cewa gyaran na cikin aikin yau da kullum.

Mai sauraro zai so ya san girman gocewar da ake magana a kai. Madubi mai irin wannan kwarmi ba ya ba da hoto tsaf sai a wani ɗan fili da ke tsakiyar matattarar haskensa. Da an fita daga filin, tauraro ya daina zama ɗigo, ya fara fitar da jela gefe guda. A na'ura mai madubin milimita 200 da ke tara haske a nisan milimita 1000, faɗin filin bai wuce kimanin milimita 3 ba. Lissafi ya nuna in gefe ɗaya na madubin ya ɗago da kashi ɗaya cikin uku na milimita kawai, tsakiyar gilashin ido ta fita daga filin. Yanzu a tuna da irin hanyar da kaya ke bi kafin su iso mu: daga jirgin ruwa zuwa babbar mota, daga Sakkwato a biyo titin Jega zuwa Tambuwal, sannan a sauka kan hanyar ƙauye, wataƙila a bayan kabu-kabu. Ba a buƙatar mugunta ko sakaci kafin madubi ya motsa da kashi ɗaya cikin uku na milimita. Na'urar da ta fi tsawo ta fi haƙuri. Mai madubin milimita 150 da nisan milimita 1200 filinta ya kai milimita 11, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na fifita doguwa a kan gajeruwa in don makaranta za a saya, ko da gajeruwar ta fi kyau a hoton talla.

Maganar tazara kuwa ta fi tsanani a wani irin gini, wanda ake jingina wa Cassegrain, Bafaranshe, tun 1672. A nan ƙaramin madubin mai doro ne, yana fuskantar babban kai tsaye, ya mayar da haske ta wani rami da aka huda a tsakiyar babban. Tun da ƙaramin yana ninka girman hoto, kuskuren tazara ma ninka shi yake yi. A irin da aka fi sayarwa, in tazarar madubai biyun ta canja da milimita 1, matattarar haske takan matsa da kusan milimita 25. A wasu kuma, in tazarar ba ta yi daidai da yadda aka tsara ba, hasken gefen madubi da na tsakiya ba sa taruwa wuri ɗaya, komai juya abin saita gani ba za a sami hoto mai kaifi ba. Shi ya sa mai irin wannan na'ura bai kamata ya kwance notin tsakiya don son ganin abin da ke ciki ba. Ana taɓa ƙananan notuna uku, a bar tazara yadda masana'anta ta sa ta.

Wanda ke ganin ana zuzuta abu kaɗan ne, ya ji abin da ya sami Amurka. Ranar 24 ga Afrilu 1990 aka harba na'urar Hubble zuwa sararin sama, da madubi mai faɗin mita 2.4, wanda aka goge da ƙwarewar da ba a cika samun irinta ba. Cikin watanni biyu aka gane hotunanta dishi-dishi suke. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen ya gano tushen matsalar a ƙasa, a cikin abin da aka yi amfani da shi wajen auna kwarmin madubin lokacin gugarsa. Wani ɗan gilashi a cikin ma'aunin an sa shi ya kauce wa mazauninsa da milimita 1.3. Masu gugar suka bi ma'aunin sau da ƙafa, suka fitar da madubi sumul amma a kan siffar da ba ita ba, gefensa ya baje fiye da kima da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Sai a Disamba 1993 'yan sama-jannati suka je suka sa mata wasu ƙananan madubai masu gyara kuskuren. Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai a labarin nan shi ne akwai wasu ma'aunai biyu da suka nuna akwai matsala tun ana aikin, aka yi watsi da su don an fi amincewa da na farkon. Kuskuren milimita ɗaya kowa na iya yinsa. Ƙin sake dubawa shi ne ya ci shekara uku da kuɗi masu yawa. Da aka zo harba na'urar James Webb a Disamba 2021, an tsara daidaitawa a matsayin aiki mai zaman kansa. Madubinta gutsure 18 ne, kowanne da 'yan injuna a bayansa, hotonta na farko ya nuna tauraro ɗaya a wuri 18, kuma sai da aka shafe kusan wata uku ana matsar da su daga nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi kafin suka zama madubi guda. A nahiyarmu ma, babbar na'urar Sutherland ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe a 2005, madubai 91 gare ta, kuma an gina mata hasumiya a gefe ba don komai ba sai don auna zamansu.

To a nan ne wani zai ce, Malam, kai da kanka ka kashe maganarka. In masu digiri da biliyoyin daloli sun yi tuntuɓe, ina ga malamin kimiyya a Kebbe da ba shi da ko ɗakin gwaji? Tambayar na da nauyi, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Guga madubi har ya sami siffarsa aikin masana'anta ne, ba wanda ya ce a yi shi a nan. Daidaita madubin da aka riga aka guga kuwa aikin ido ne da haƙuri, kuma akwai masu yin ɗan'uwansa a kowane gari namu. A dubi yaran da ke kafa farantin satalayit a kan rufi: kwarmin farantin nan irin na madubin ne, ɗan kan da ke tsaye a gabansa yana zaune ne a matattarar saƙo, kuma da sifana suke juya noti kaɗan kaɗan suna kallon ƙarfin sigina har ya cika. Wanda ya iya wannan, yini ɗaya ya ishe shi ya koyi wancan. Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: murfin roba da ya dace da ramin gilashin ido, a huda shi daidai tsakiya da ɗan rami, don ido ya riƙa kallo daga wuri ɗaya.

Ga yadda ake yi a na'urar Newton, kuma bin jerin na da muhimmanci. Da rana ake farawa, a inuwa, a kwantar da bututun a gicciye yana kallon farin bango, don kada sukurudireba ta kuɓuce ta faɗa kan madubi. A cire gilashin ido a sa murfin nan, a leƙa. Abin farko da za a nema shi ne ƙaramin madubi ya bayyana a kewaye sosai kuma a tsakiyar ramin. In ya yi sama ko ƙasa, notin tsakiya ke matsar da shi. In ya yi kamar an matse shi, juya shi za a yi har ya fuskanci ido. Bayan nan a koma ga ƙananan notuna uku, a karkata shi har a ga babban madubi gaba ɗayansa a cikinsa, da 'yan maƙalai ukun da ke riƙe da gefensa, kuma ɗan zoben da aka manna a tsakiyar babban madubin ya zo tsakiyar gani. Zoben nan ba datti ba ne, kada a kankare shi, yana cikin inuwar ƙaramin madubi, ba ya rage komai. Sai an gama da ƙarami sannan a taɓa babba. A sassauta notunan kullewa, mutum ɗaya yana leƙe, ɗaya yana juya noti a gindi, kwata-kwatan zagaye ko ƙasa da haka, har hoton ɗan ramin murfin ya faɗa cikin zoben. A kulle a hankali, a sake leƙawa, don kullewa da ƙarfi kan mayar da hannun agogo baya. Mafi yawan masu rikicewa da babban madubi suke farawa, su yi ta bin kuskuren da ke jikin ƙarami ba su sani ba. Da zarar ƙaramin ya zauna yakan daɗe bai motsa ba, abin da ya rage kullum minti biyu ne ko uku a kan babban.

Hukuncin ƙarshe na tauraro ne. Da dare a sa gilashin da ya fi ƙara girma, a kawo tauraro mai haske daidai tsakiya, a ɗan kauce daga saiti. Zai buɗe ya zama zobba, da baƙin tabo a ciki, wato inuwar ƙaramin madubi. In zobban sun kewaye juna daidai, tabon yana tsakiya, aiki ya yi. In sun taru gefe guda, a sake taɓa notin babban madubi kaɗan, a mayar da tauraron tsakiya, a sake dubawa. Littattafan Turai kan ce a yi gwajin da tauraron arewa don ba ya gusawa. Shawara ce mai kyau a can, inda yake can sama. A Kebbe kimanin digiri 12 kawai yake daga ƙasa, cikin ƙura da rawar iska, don haka gara a zaɓi wanda ke saman kai a jure bin sa. A kuma fito da na'urar waje kamar rabin awa ko fiye kafin gwaji. Madubin da ya yini a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, yana fitar da ɗumi, zobban su yi ta rawa, mutum ya ɗauka saiti ne ya ɓaci alhali zafi ne. Ƙurar hunturu kuwa ta fi tsoratar da mai na'ura fiye da yadda take cutar da hoto. Fentin alminiyom ɗin a fuskar gilashin yake, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki, tsumma ɗaya in aka goga a kan ƙura ya bar zane har abada. A rufe bakin bututu da gindinsa, a bar 'yar ƙurar da ta shiga ta zauna.

Akwai mai suka na biyu, kuma shi ya fi na farko hujja. Zai ce in haka ne a bar mai madubi mana, a sayi tabaran hangen nesa mai ido biyu, ko ƙaramar na'ura mai gilashi a gaba, wadda ba ta bukatar wannan hidima. In duban jinjirin wata kaɗai ake nufi, gaskiyarsa. Tabarau mai ido biyu a kan ƙafa uku ya fi saurin share yamma, kuma ba ya kifar da hoto, alhali na'urar Newton a kife take nuna abu. Wanda bai san haka ba, in aka tambaye shi ina ƙahonnin watan suka fuskanta, zai ba da amsa a juye yana mai gaskiya. Haka nan a ƙaramin ninki da ake neman wata da shi, 'yar gocewa ba ta hana gani. Babbar gocewa ita ke dusashe siririn hasken da da ma da ƙyar ya fi na sararin da ke bayansa. Abin da ya fi yawan kayar da masu nema shi ne ƙaramar na'urar saiti da ke kan bututu in ba ta kallon inda babbar ke kallo, da kuma rashin saita gani tun da wuri a kan abu mai nisa, ga shi lokacin da ake da shi bayan faɗuwar rana sau da yawa bai kai awa ɗaya ba. Amma makaranta ba jinjirin wata kaɗai take son nuna wa yara ba. Akwai ramukan da ke fuskar wata, da zoben Zuhal, da watannin Mushtari huɗu, da Zara, wadda ita ma a na'ura takan fito da siffar jinjirin wata, abin da duk mai ba da shaida ya kamata ya sani. Don irin waɗannan faɗi ake bukata, kuma a kuɗi ɗaya madubi ya fi gilashi ba da faɗi nesa ba kusa ba. Farashin wannan rangwame shi ne mintunan daidaitawa.

Na uku shi ne mai cewa ido aka ce a duba da shi, me ya kawo na'urar Turawa cikin lamarin? Hukuncin shaidar da aka samu ta na'ura na iyayenmu malamai ne da fadar Sarkin Musulmi, Allah shi ƙara musu lafiya, shirin nan ba ya shiga hurumin da ba nasa ba. Abin da kimiyya ke iya faɗi kaɗan ne. Tun 1932 masanin Faransa André Danjon ya nuna cewa in nisan wata da rana bai kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya ganin jinjirin. Na'ura mai kyau takan ja iyakar baya kaɗan, ba ta share ta. Saboda haka na'ura ba ta ƙirƙiro watan da babu, kuma wadda ba a daidaita ba tana iya sa a ce babu alhali akwai, ko a ɗauki ɓataccen hoton wani abu a ce shi ne. Batun baƙunta kuwa tarihi bai goyi bayansa ba. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alkahira, ya rubuta risala kan madubi mai kwarmin da ke tara haske wuri guda fiye da shekara 600 kafin Newton. A nan gida, lokacin da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar taurari da na'urar auna tsayin rana mai aiki da madubai, ya rubuta cewa ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Muhammadu Bello kuwa ɗan'uwan Muhammadu Buhari ne, ɗan Shehu da ya zauna Tambuwal. Mutanen ƙasar nan ba jiya suka fara ɗaga kai sama da tambaya ba.

Kirana ga duk mai niyyar yin wannan alheri shi ne, tun kafin ya biya kuɗi ya tambayi mai sayarwa ko babban madubin na da notunan daidaitawa da zobe a tsakiya, don akwai masu araha da aka like su ba halin gyara. Ya ware wani abu cikin kuɗin don a koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba, saboda malami ana iya yi masa canjin wurin aiki. Shugabannin makarantu su nemi taimakon sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar ba ta da nisa. A ajiye littafi kusa da na'urar, duk wanda ya taɓa noti ya rubuta rana da abin da ya yi. Ku kuma yara da manya, masu fita duban wata, ku riƙe wannan da kyau: jinjirin wata kusa da rana yake, kuma madubin da ke tara haske ninki ɗari takwas yana ƙona ido nan take, ƙunar da ba ta warkewa. Kada kowa ya buɗe bakin bututu ya juya shi yamma sai rana ta gama faɗuwa ƙurmus.